Yadda za ka yi idan bashi ya fi ƙarfinka a Najeriya: daga zaman sulhu zuwa kotun karayar arziki

Akwai mai bashi, akwai kuma wanda bashi ya fi ƙarfinsa. Na farko yana biya, ko da da ƙyar ne. Na biyu kuwa ko ya sayar da duk abin da ya mallaka ba zai kai ba, kuma kowane wata ramin ƙara zurfi yake yi. Wannan bayani na mutum na biyu ne: ɗan kasuwar da jari ya karye masa, ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa tun ranar da ya shigo, matar da ta kwashi adashi uku ta rasa na zubi.

Dokar Najeriya ta tanadi hanyar ayyana mutum a matsayin wanda ya karye, shari'ar Musulunci ma ta tanadi tata tun kafin nan. Sai dai a ganina, mutum tara cikin goma da ke wannan hali ba ƙofar kotu ya kamata su fara ƙwanƙwasawa ba, domin hanyar tana da tsada, tana da tsawo, kuma tana barin tabo. Akwai matakai kafin ta, kuma yawancin mutane a cikinsu suke samun mafita idan sun bi su a jere. Abin da zan faɗa game da dokokin gwamnati na Najeriya ne. Wanda ke Nijar, Kamaru ko Chadi, dokar kasuwanci ta OHADA ce ke aiki a kan 'yan kasuwa a can, sai ya nemi lauyan ƙasarsa.

Mataki na 1: Dakatar da cin sabon bashi, ka ɗauki biro

Kafin komai, daina cin bashi don biyan bashi. Wannan shi ne abin da ke mayar da bashin naira 200,000 ya zama na miliyan. A ce ka ranci 50,000 a manhajar waya, aka ce ka mayar da 60,000 nan da kwana 14. Ranar biya ta zo babu kuɗi, sai ka buɗe wata manhajar ka ranci 60,000, ita kuma ta ce 72,000. Wata ɗaya bai cika ba, 22,000 ta hau kanka alhali ko ƙwayar shinkafa ba ta ƙaru a gidanka ba.

Sai ka samu littafi, ka rubuta kowane bashi a layinsa: sunan mai bin ka, uwar kuɗin da ka karɓa, kuɗin ruwa idan akwai, abin da ka riga ka biya, ranar da aka yi alkawari, ko ka ba da jingina, da kuma wanda ya tsaya maka. Kada ka tsallake na mai shagon unguwa, ko na ƙanwarka da kake ganin ba za ta tambaya ba. Mutane da yawa suna gudun wannan zama saboda tsoron ganin jimla. Amma wanda bai san jimlar ba kullum cikin fargabar abin da bai gani ba yake kwana, kuma ba shi da abin da zai ajiye a gaban kowa idan an zo maganar sulhu.

Bashin banki kuwa kada ka dogara da abin da ka tuna. Nemi bayanan asusun rancen a rubuce. Sannan ka nemi rahotonka daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba ka damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara. A nan ne wasu ke gano cewa bashin da suka biya tuni har yanzu yana rubuce a kansu.

Mataki na 2: Ware su, domin ba duka suke da haɗari ɗaya ba

Mai yawan kira a waya ba lallai shi ne ya fi cancantar a fara biya ba. Duba abin da zai faru idan ba ka biya kowanne ba.

A sahun gaba akwai abin da zai raba ka da matsuguni ko sana'a: kuɗin hayar gida, hayar shago, da bashin da ka jinginar da takardar gida, gona ko abin hawan da kake nema da shi. Tare da su akwai duk inda ka rubuta cek. Dokar 1977 ta mayar da bayar da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Idan ka ba wani cek mai kwanan wata na gaba kuma ka san asusun babu komai, je ka same shi tun kafin ranar, ku sake yarjejeniya ka karɓi takardarka. Haka kuɗin amana da aka ba ka ajiya ka taɓa, domin wannan yana iya fita daga maganar bashi ya koma cin amana a gaban alƙali.

Bayan su sai bashin da wani ya tsaya maka, tunda idan ka gaza a kansa za a faɗa. Sannan sauran: manhajoji, masu kaya, 'yan'uwa da abokai.

Mataki na 3: Fitar da abin da za ka iya biya da gaske

Rubuta abin da ke shigo maka a wata mafi rauni, ba wata mai albarka ba. Cire cefane, haya, kuɗin makaranta, magani da kuɗin mota. Abin da ya rage shi ne na masu bashi, ko da 15,000 ne. Sannan ka lissafa abin da za a iya sayarwa ba tare da an tsayar da nema ba: fili, mota ta biyu, dabbobi, ragowar kayan da ba sa tafiya a shago. Keken ɗinkin da ake ci da shi ko babur ɗin haya kuwa su ne ƙarshen abin da za a taɓa.

Wanda ya rasa aiki kuma yana da asusun fansho ya sani cewa dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki idan ya yi wata 4 bai samu wani aikin ba. Kuɗin tsufanka ne, don haka kada ka taɓa su sai idan za su kashe bashin gaba ɗaya ko su ceci gida.

Mataki na 4: San abin da ba a yarda a yi maka ba

Tsoro ne ke sa mutum ya sayar da gidan gado a rabin kuɗinsa cikin kwana biyu, don haka wannan mataki yana da muhimmanci kafin ka zauna da kowa.

Bashi ba laifin da 'yan sanda ke kama mutum a kansa ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma dokar ta hana a kama matarka ko ɗanka a madadinka. Kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Duk da haka ana yi, musamman idan mai ƙara ya canza wa maganar riga ya kira ta damfara. Idan an gayyace ka, je ka, amma da lauya ko wani babba mai mutunci, da takardun da ke nuna ciniki ne ko rance, da shaidar duk abin da ka taɓa biya. Kada ka sa hannu a kan alkawarin biyan abin da ka san ba za ka iya ba don kawai a sake ka.

Manhajojin rance ba su da ikon aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙo suna kiran ka ɓarawo, ko su yaɗa hotonka. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara yi musu rajista tun 2022, tana kuma fitar da jerin waɗanda ta amince da su. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta shafi irin wannan tozarci. Ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo shi, ka kai ƙorafi ga hukumar. Wannan ba ya goge uwar kuɗin da ka karɓa, tana nan a wuyanka, amma yana ba ka ƙarfin cewa za ka biya abin da ka ci ba tare da tarar da suka lafta ba.

Abin da banki yake da ikon yi kuwa shi ma ka san shi. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ya ba ka rance damar bin lambar BVN ɗinka ya ciri kuɗinsa daga asusunka na wasu bankunan, idan ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai tsarin ya yarda a cira, ban da tarar jinkiri. Saboda haka sauya banki ba ɓuya ba ne. Idan kuma an cire maka fiye da ƙa'ida, rubuta wa bankin ƙorafi ka karɓi lambar shaida, idan bai warware ba ka ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Mataki na 5: Je ka same su kafin su zo su same ka

A nan aikin yake. Babu abin da ke fusata mai bin bashi kamar kashe waya da sauya hanya. Mutumin da zai iya yi maka haƙurin shekara, idan ya kira sau goma ba ka ɗauka ba, gobe sammaci zai aiko. Je ka da ƙafarka, da littafinka a hannu, kuma idan babban mutum ne ka tafi da wanda yake jin nauyinsa.

Maganar ba ta bukatar kwana-kwana. Misali ga uban gidan da ya ba ka kaya a kasuwa: "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kuɗinka miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suna wuyana, ban musa ko kwabo ba. Ga lissafin duk masu bi na, ga abin da ya rage a hannuna. Ba zan iya biya gaba ɗaya ba, kuma ba na so in sake yi maka alkawarin da zan saɓa. Na zo ne mu tsara yadda zan riƙa kawowa." Wanda ya ji an amsa bashinsa a gaban shaida, rabin fushinsa ya tafi.

Abubuwa huɗu ake nema a irin wannan zama, kuma kana iya haɗa biyu ko uku. Ƙarin lokaci. Rarraba biyan zuwa kaɗan-kaɗan a kowane wata ko kowace ranar kasuwa. Dakatar da ruwa da tara, wanda shi ne abin da za ka fi matsawa a kai a banki ko manhaja. Sai kuma rangwame, wato ka kawo wani kaso a dunƙule a yafe sauran. Wannan na ƙarshe yana da asali a sunna: lokacin da Ka'abu ɗan Malik ya ɗaga murya a masallaci yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa ishara ya sauke rabi, ya ce da ɗayan ya tashi ya biya sauran.

Idan masu bin ka suna da yawa kuma abin hannunka bai kai ba, kada ka biya mai ƙarfin baki duka ka bar mai kunya hannu rabbana. Raba musu gwargwadon abin da kowa ke bi. A ce Alhaji yana bin ka 1,200,000, ƙaramin banki 600,000, abokinka 200,000, jimla 2,000,000. Ka sayar da fili da ragowar kaya ka samu 800,000. Kowace naira ta samu kwabo 40 ke nan: Alhaji 480,000, banki 240,000, aboki 80,000. Nuna wa kowa lissafin duka. Mutum ya fi yarda da kaɗan idan ya ga ba a fifita wani a kansa a ɓoye ba.

Banki da takarda ake yi masa magana. Rubuta wa manajan reshe wasiƙar neman a sake tsara rancen, ka faɗi dalilin gazawa, ka haɗa shaida kamar takardar sallama daga aiki ko ta asibiti, ka faɗi adadin da za ka iya biya a wata. Riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka lura da abu guda: tsawaita lokaci yana rage na wata-wata amma yana ƙara jimlar ruwa, don haka ka sa a rubuta maka jimlar ƙarshe kafin ka sa hannu.

Duk abin da aka amince, a rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu ne ke jin kunyar cewa a kawo takarda. Idan rangwame ne, lallai a rubuta cewa da wannan biya magana ta ƙare, babu sauran bi. In ba haka ba, ranar da aka ga ka farfaɗo, ko ranar da magada suka buɗe littafin mahaifinsu, za a dawo maka da ragowar. Biya kuma ta banki ya fi, saboda shaida.

Mataki na 6: Idan an kasa jituwa, a sa na uku

Shugabannin kasuwa, mai unguwa, limami da hukumar Hisba a jihohin da take duk suna yin sulhun bashi, kuma ba sa cin kuɗi kamar shari'a. Akwai kuma cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna, irin wadda aka buɗe a Kano a 2009, da ta Abuja da Legas. Amfaninsu shi ne yarjejeniyar da aka cimma a can alƙali yana iya sa mata hannu ta zama kamar hukunci, ta ɗaure ku duka biyu.

Kada kuma girman kai ya hana ka neman zakka. Aya ta 60 a suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin mutum takwas da ake ba wa. Haƙƙinsu ne, ba bara ba. Jihohi irin su Kano, Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka, kuma attajirin danginku da ke fitarwa duk shekara wataƙila bai san halin da kake ciki ba.

Mataki na 7: Idan sammaci ya riga ya zo

Halarci zaman. Rashin zuwa yana sa a yanke hukunci a bayan idonka a kan duk adadin da mai ƙara ya faɗa. Amsa abin da ka san gaskiya ne, ka musa ƙarin da ba ka yarda da shi ba, ka roƙi kotu ta ba ka damar biya kaɗan-kaɗan, da lissafinka a hannu. Bayan hukunci, mai bin ka na iya sa kotu ta riƙe kuɗin da ke asusunka ko a yi gwanjon kayanka. Gida da fili ba a taɓa su sai da izinin kotu na musamman, bayan an nuna kayan ɗauka ba su isa ba. Wanda kotu ke iya tsarewa shi ne wanda aka tabbatar yana da hali ya ƙi biya. Idan ba ka da kuɗin lauya, tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ke jiharku ko reshen ƙungiyar lauyoyi.

Mataki na 8: Taflisi a kotun shari'ar Musulunci

Idan masu bin ka mutane ne da kuka yi mu'amala bisa tsarin Musulunci, kotun shari'a na iya bin abin da malaman fiƙihu suke kira taflisi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, idan bashi ya kewaye dukiyar mutum, masu bi suna iya neman alƙali ya hana shi taɓa ta. Daga nan ba shi da ikon yin kyauta ko fifita wani. Basussukan da lokacinsu bai yi ba su ma sun zama na yanzu. A sayar da kayansa a raba wa masu bi gwargwadon rabonsu, kamar lissafin da muka yi a sama, a bar masa suturarsa da abin da zai ci da iyalinsa na ɗan lokaci. Wanda kuma ya tarar da ainihin kayan da ya sayar masa suna nan ba su canza ba, shi ya fi cancanta da su, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira. Haka Sayyidina Umar ya yi da Usaifi'u na ƙabilar Juhaina: ya yi shela masu bin sa su zo a raba musu abin da yake da shi.

Idan an raba bai kai ba fa? Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya yi asara a cinikin 'ya'yan itace har bashi ya yi masa yawa. Annabi ya sa aka yi masa sadaka, ba ta isa ba, sai ya ce da masu bi su karɓi abin da suka samu, ba su da wani abu sai wannan. Aya ta 280 a Baƙara kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Saboda haka wanda ya tabbatar wa alƙali da shaidu cewa ba shi da shi, ba a tsare shi. Amma ragowar ba ta faɗi ba. Tana nan a kansa har ya samu ya biya, ko masu ita su yafe. Kuma wannan sassauci bai shafi mai hali da ke ja wa mutane rai ba, wanda hadisi ya kira jinkirinsa zalunci.

Mataki na 9: Dokar karayar arziki a Babbar Kotun Tarayya

Ita ce ƙofar ƙarshe. Dokar ta 1979 ce, an yi mata gyara a 1992, kuma kundin tsarin mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai ikon sauraron irin wannan shari'a. Tsufanta a fili yake: mafi ƙarancin bashin da mai bi zai shigar da ƙara a kansa naira 2,000 ne kacal. Mutum ɗaya take shafa, ba kamfani ba. Sai dai mai shagon da ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai ya sani cewa a idon doka shi da shagon abu ɗaya ne, bashin shago bashinsa ne. Kamfanin da aka yi wa cikakkiyar rajista kuwa dokar kamfanoni ta 2020 ce ke tsara nasa.

Ga yadda take tafiya. Ko dai kai da kanka ka shigar da takarda ta hannun lauya kana bayyana cewa ka gaza biyan basussukanka, ko kuma wanda ya yi nasara a kanka a kotu ya aiko maka da sanarwa, idan kwana 14 suka wuce ba ka biya ba ya nemi a ayyana ka a matsayin wanda ya karye. Kotu sai ta ba da umarnin farko, wanda ke sa dukiyarka a ƙarƙashin kulawar jami'in da doka ta naɗa. Daga wannan lokaci masu bin ka da ba su riƙe da jingina ba za su iya ci gaba da kai ka ƙara ɗaya-ɗaya ba sai da izinin kotu, kuma wannan numfashi shi ne babban amfanin hanyar. Za ka miƙa cikakken bayanin dukiya da bashi bisa rantsuwa, a kira taron masu bi, a yi maka tambayoyi a bainar jama'a. A wannan gaɓa ma kana da damar gabatar da tayin biyan wani kaso ko tsarin biya. Idan mafi rinjayen masu bi suka amince kuma kotu ta tabbatar, ya hau kan kowa har da waɗanda suka ƙi, kai kuma ka tsira daga a ayyana ka. Idan babu tayi ko an ƙi shi, sai a ayyana ka a matsayin wanda ya karye, a naɗa amintacce ya sayar da dukiyar ya raba. Ana bar maka kayan sawa, shimfiɗa da kayan sana'a daidai wani ɗan ƙaramin adadi.

Yanzu ga tsadarta. Ana buga sunanka a jaridar gwamnati. Muddin ba a sallame ka ba, tsarin mulkin 1999 ya hana ka takarar majalisar jiha, ta tarayya, gwamna ko shugaban ƙasa. Ba za ka zama daraktan kamfani ba, kuma karɓar sabon bashi ba tare da ka faɗi matsayinka ba laifi ne. Wanda ya riƙe takardar gidanka a jingina yana nan da ikonsa na sayarwa. Idan kuma aka gano ka mayar da fili sunan matarka ko ɗanka ana gab da shigar da ƙara, kotu na iya warware kyautar, kai kuma ka jawo wa kanka tuhuma.

Kana iya neman kotu ta sallame ka, kuma dokar ta tanadi sallama bayan shekara 5 daga ranar umarnin farko. Sallama tana sauke maka ragowar yawancin basussukan a idon doka, ban da wanda aka ci ta hanyar zamba. Ba ta kuma sauke wa wanda ya tsaya maka, shi za a ci gaba da bi. Musulmi ya riƙe cewa takardar kotu ta hana a bi shi ne kawai, haƙƙin mutane kuwa sai biya ko yafiya.

Wa ta dace da shi? Wanda bashinsa ya kai miliyoyi masu yawa, masu bi da dama suna ta kai shi kotuna daban-daban, an gwada sulhu ya ƙi, kuma yana da dukiyar da ya fi son a raba ta bisa ƙa'ida da a yi wawasonta. Wanda manhajoji biyar ke bi 300,000 kuwa kuɗin lauya da zirga-zirga kaɗai za su iya cinye abin da zai kashe bashin da shi, gara ya tsaya a mataki na biyar.

Mataki na 10: Rufe kowane bashi da takarda

Duk bashin da ka gama, karɓi shaidar kammalawa a rubuce. A banki ka nemi takardar da ke cewa ba a bin ka komai, ka karɓo takardun jinginarka da duk cek ɗin da ka ajiye, ka kuma sanar da wanda ya tsaya maka cewa ya fita. Bayan wata biyu ko uku ka sake duba rahotonka a kamfanonin tarihin bashi. Idan har yanzu yana nuna ana bin ka, aika musu kwafin takardar ka nemi a gyara, domin da wannan rahoton bankin gaba zai auna ka ranar da ka je neman jari.